Giɓin Kwanon Sajan

Da hantsi Maman 'yan biyu ta shigo gidan maƙwabciyarta Malama riƙe da mushen kaza ta ƙafafu. Ta yi sallama yadda ta saba, ta tambayi kwana da gajiya, sa'an nan ta ajiye kazar a kan dakalin da ke ƙofar kicin, ta goge hannunta da gefen zani.

"Malama, kin san ni ba mai kawo ƙara ba ce," in ji ta. "Ta farko na yi shiru, ta biyu na yi shiru. Wannan kuwa ita ce mai ƙwai a cikinsu."

Malama ta dubi kazar, ta dubi filin baya. Sajan, karen gidan, yana kwance a inuwar tankin ruwa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, da gashin kaza maƙale a gefen bakinsa. Babu abin musu.

"Ki yi haƙuri. Laifinmu ne."

"Haƙuri ni na yi shi tuni. Baban 'yan biyu ne ba zai yi ba. Jiya ya sayo maganin ɓera, kuma ba ɓera ya saya wa ba. Na ce ya dubi zaman da muka yi da marigayi maigidanki, ya ce ya duba, shi ya sa ya bari na zo na faɗa miki tukuna. Jikokinmu suna zuwa hutu, ƙaramar ko tafiya ba ta ƙware ba. In ya sake ganin karen nan a gidanmu, ba na jin zan iya riƙe shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Shekaru da yawa shingen itatuwa kaɗai ne tsakanin gidajen biyu, ta samansa ake miƙa gishiri da ashana, ta samansa ake tambayar mai jiki. Shingen ya tsufa, ƙasansa duk ramuka ne, kuma kowane rami Sajan ya san shi.

Sajan karen mijinta ne. Marigayin bakanike ne, ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin wata motar da aka kawo gyara, ya raine shi a gareji yana gadin kayan aiki. Da ƙarfin maigidan ya ja baya ya bar garejin ga waɗanda ya koyar, sai ya dawo gida da akwatin sifana da kare. Malama, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, ba ta yi gardama ba. Sharaɗi kawai ta gindaya: kada karen ya shiga ɗaki, kada ya taɓa tufafin da take salla da su. Maigidan ya kafa ƙusa a bangon baya, ya rataye tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan toka, ya ajiye takalman roba a ƙasanta. Duk sanda zai ba karen abinci ko ya fita da shi yawo sai ya zura su. In ya gama ya tuɓe, ya wanke hannu a famfo, sa'an nan ya shigo. Haka aka zauna. Ita da Sajan suna kallon juna daga nesa, kamar ma'aikatan ofis ɗaya da ba sa shiri kuma ba sa faɗa.

Da maigidan ya rasu, babu mai fita da shi, sai ya fara fita da kansa. An gwada ɗaure shi da sarƙa. Ya yi ta fizga har wuyansa ya yi rauni, kukansa ya hana ta ko karatun da take yi bayan asuba, ta sa aka kwance shi.

Ranar da aka kawo kazar ta kira Auta, ɗanta na ƙarshe, wanda yake aiki a can ƙarshen gari, shi kaɗai ne cikin 'ya'yanta bai yi nisa ba. Ya zo da yamma, ya zauna a kujerar falo, ya saurare ta har ta gama.

"Umma, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ke ba kya taɓa shi, ni kuma ba na nan. Na yi wa wani abokina mai gona magana tun kwanaki, ya ce tsohon kare ba ya sabon gida, gudowa zai yi."

"Ya yi gaskiya."

"To, likitan dabbobi yana da wata allura."

"Allurar me?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ta barci."

"Wanda ake tashi?"

Auta ya kawar da kai.

"Baban 'yan biyu ya sayo nasa, kai ma ka zo da naka," in ji ta. "Naka dai mai farar riga ne zai bayar. A'a. Ban nemi karen nan ba, ka sani. Amma rai ne aka bari a hannuna, kuma za a tambaye ni yadda na yi da shi. Ka samo mini wanda zai kewaye filin baya da waya."

Mai waldan da Auta ya kawo ƙato ne mai yawan barkwanci, baƙin tabarau a goshinsa kullum, kamar da shi aka haife shi. Ya zaga filin da awo a hannu, ya tsaya ya ƙare wa Sajan kallo, Sajan ma ya ƙare masa.

"Mama, wannan ne fursunan? Ai ya yi furfura. Wannan ko igiyar shanya aka ja masa ba zai tsallake ba."

"Ka tambayi kajin maƙwabta," in ji Malama.

Ya bayyana mata aikin dalla-dalla. Zai haƙa ramuka ya kafa turakun ƙarfe, ya zuba musu siminti, ya ja wayar raga daga bangon gidan zuwa bangon baya ta ɓangarori biyu, tsawonta ya kai kafaɗar mutum. A ƙasa zai bi da wani ƙarfe a kwance ya ɗaure ragar a jikinsa, don kada kare ya ɗaga ta. Tankin ruwa da bishiyar lemo za su faɗa ciki, saboda inuwa. Ƙofa kuma a gefen famfo.

Malama ta yarda da duka. Sai ta je kusa da ƙofar kicin, ta nuna wani wuri da ƙafa.

"Nan kada ka sa ƙarfen ƙasa. Ka ɗage wayar kaɗan, ka bar giɓin da kwano zai wuce."

"Kwano, Mama?"

Ta shiga ta fito da kwanon Sajan, wani faffaɗan kwanon silba mara zurfi, da tsohuwar sandar labule mai lanƙwasa a kai. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tura shi da sandar, ta jawo shi da lanƙwasar. Tun rasuwar maigidan haka take ciyar da karen: ta tura daga nesa, ta ja da baya.

"Ta nan zan riƙa ba shi abinci da ruwa. Ba sai na shiga ba. Ƙofar ta Auta ce, in ya zo ƙarshen mako ya share wurin."

"Umma," in ji Auta, "ai malamai ma sun saɓa a kan maganar nan ta yawun kare. Akwai masu sauƙaƙawa."

"Na sani. Na karanta tun ba a haife ka ba. Amma abin da na tashi a kai ke nan, kuma zuciyata ba ta natsuwa in na tsaya salla ina tunanin gefen zanina."

Mai walda ya durƙusa, ya gwada kwanon da tafin hannu, ya sake duban faɗin ƙirjin Sajan.

"Ba komai. Giɓin da wannan kwanon zai wuce, ko kansa ba zai shiga ba. Tagar banki za mu yi masa, Mama, ya riƙa karɓar albashi ta nan."

Aka yi aikin. Siminti ya bushe, aka ja raga, aka shafa wa turaku da ragar koren fenti. Auta ya ja Sajan da igiya ya shigar da shi, ya rufe ƙofa da sakata. Karen ya zaga wurin, ya shinshina kowane turke, ya ɗaga ƙafa a jikin na kusurwa, ya koma inuwar tanki ya kwanta. Malama ta leƙa ta saman shingen itatuwa ta gaya wa Maman 'yan biyu an gama, su kwantar da hankalinsu.

Tsarin ya yi mata daidai. Safe da yamma ta tura kwano. In ya cinye ta jawo, ta ɗauraye a famfo, ta cika da ruwa, ta sake turawa. Ruwan yakan tuttule a hanya, don sandar labule ba hannu ba ce, ƙasar wurin kuwa ba ta bushewa. Da farko sai ta ɗaga bakin ragar da ƙafa kwanon yake wucewa. Bayan wani lokaci ya fara shiga sumul, don ya yi wa kansa hanya a ƙasa. Ta ji daɗin hakan.

Wata safiya ta fito ta tarar da kwanon a waje, a ɓangarenta, Sajan kuma yana ciki a kwance. Washegari ma haka. Ta tsaya tana kallonsa da sandar a hannu.

"Ashe kana da ladabi," ta ce a ranta. Da Auta ya kira ta a waya ta ba shi labari: karen babansa ya koyi mayar da kwano, abin da shi Autan bai taɓa koya ba. Suka yi dariya.

Ba a daɗe ba Maman 'yan biyu ta kira ta ta saman shinge.

"Malama, karenku ya shigo ɗazu da sassafe. Bai kama komai ba, amma na gan shi a bayan akurki."

Malama ta juya. Sajan yana ciki, ƙofa a rufe, sakata a wurinta.

"Ga shi can a kwance. Anya ba wani karen ba ne? Unguwar nan ba ta rasa masu yawo."

"Shekara nawa ina ganin Sajan, Malama? Ko a cikin dubu zan nuna miki shi."

"Ban ce kin yi ƙarya ba."

"Ba ki ce ba," in ji Maman 'yan biyu, ta koma ciki. Ranar ba a miƙa komai ta saman shinge ba.

Abin ya tsaya wa Malama a rai, ta kira Auta. Ya zo da mai walda, suka shiga filin suna ɗaga kai. Mai walda ya hango wani tsohon duro a jingine da tanki, ya buga cinya.

"Ga tsaninsa nan. Ya hau duro, ya hau tanki, ya dira waje. Tsoho da dabara."

"To ta ina yake komawa?" in ji Malama daga bakin kicin.

"Wanda ya san hanyar fita ai ba ya rasa ta komawa, Mama. Ga dakalinki nan."

Aka fitar da duron, aka ƙara wa wayar tsawo har ta wuce kan Auta. Kwana kaɗan mai gadin layi ya ce ya ga Sajan a bakin titi yana ƙoƙarin tsallakawa wajen tsohon garejin. Mai walda ya dawo, ya lanƙwasa saman turakun zuwa ciki, ya ja musu wani layin raga, ya sare reshen lemon da ya miƙo waje. Ya ja baya yana kallon aikinsa, hannu a ƙugu.

"Mama, in ya fita ta nan, kada ki kira ni. Ki kira masu jirgin sama su ɗauke shi aiki."

Filin ya zama kamar kejin zaki. Malama ta ci gaba da tura kwano, kwano ya ci gaba da dawowa, ita kuma ta daina ba da labarinsa, don hankalinta yana sama, wajen da mazan suka nuna mata. Duk fitowar da za ta yi sai ta ɗaga kai ta duba ko waya ta lotsa.

Ranar da abin ya faru, ta idar da sallar la'asar ke nan, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, ta ji sallama da sauri. Maman 'yan biyu ce, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Malama, ya sa maganin. Ɗazu da rana ƙaramar tana wasa a tsakar gida, sai ga karen a tsaye a kanta. Bai yi mata komai ba, amma kakanta ya gani. Ya yanki nama ya barbaɗa, ya ajiye a bayan akurki, ya kulle kajin, ya ce kowa ya riƙe yara a ɗaki. Na bari ya fita ne na zo. Ki tabbata yana ciki."

"Yana ciki," in ji Malama, ta tashi.

Ta fita ta ƙofar kicin da hijabinta na salla. Kwanon yana waje. Inuwar tanki babu kowa. Ta duba gindin lemo, ta duba kusurwa. Sakata tana nan a rufe.

Ba ta tsaya neman takalmi mai kyau ba. Suka fita ta ƙofar gaba, suka zaga, suka shiga gidan maƙwabta, suka bi ta gefen ɗakin girki zuwa baya. Kajin suna ta kyarkyara a cikin akurki. A bayansa, kusa da wani ramin shinge, Sajan yana tsaye ya sunkuyar da kai a kan wani murfin tukunya. Naman yana kai.

"Kai, tafi," in ji Maman 'yan biyu, tana kaɗa hannu. Ko kallonta bai yi ba.

"Sajan," in ji Malama.

Sai da sunan ya fita ta lura ba ta taɓa kiransa ba. Ta sha faɗarsa ga mutane, amma ba ta taɓa kiran mai sunan da shi ba. Karen ya ɗago, ya dube ta kamar yana tunanin inda ya san muryar, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya sake sunkuyawa.

Babu sandar labule a wurin. Ta taka ta kama abin wuyansa da hannu biyu ta ja. Ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ya fizga, ta faɗi a kan gwiwoyinta, amma ba ta saki ba. Ta zagaye wuyansa da hannu ɗaya, ta danne bayansa da ɗayan, ta kifa ƙirjinta a kansa.

"Ɗauke, ɗauke shi," ta ce.

Maman 'yan biyu ta fizgi shebur daga jikin bango, ta kwashe murfin da naman, ta jefa a bokiti, ta kifa wani a kai. Ta sake buɗewa ta duba.

"Bai ci ba. Ga shi nan yadda aka yanka, ko haƙori babu."

"Kin tabbata yanka ɗaya ne?"

"A gabana ya yanka."

Malama ta ce alhamdu lillahi a hankali. Ta zauna a ƙasa tana mayar da numfashi, hannunta har yanzu a wuyan karen. Sajan ya daina kokawa. Ya juyo ya lashi bayan hannunta, ya lashi hijabin tun daga kafaɗa har ƙirji, ya bar masa dogon layi na yawu da ƙasa. Ta gani. Ba ta ture shi ba, don in ta saki bai san inda zai nufa ba.

A nan ne tafin hannunta ya ji wani abu a gadon bayansa. Ta shafa, karen ya ɗan noƙe. Ta buɗe gashin da yatsu. Tun daga tsakanin kafaɗunsa har kusa da wutsiya gashin ya zube a layi-layi, fatar ta kurje, wani wurin ya yi ɓawo, wani sabo ne da jini. A jikin gashin akwai ɓurɓushin koren fenti. Ta ɗaga ƙafarsa ta gaba. Ƙirjinsa da cikinsa duk busasshen laka ne, ga shi an yi makonni ba a ga ruwan sama ba. Wuri ɗaya ne a duk gidanta da ƙasa ba ta bushewa.

Karen da ke tsallake waya ba ya kurje baya.

"Me kika gani?" in ji Maman 'yan biyu.

"Zo mu je ki gani da idonki. Kuma ki yafe mini maganar ranar nan. Shi kika gani."

Ta cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabin ta zura a abin wuyan, ta ja shi suka koma gida, Maman 'yan biyu tana biye. Malama ta buɗe sakata ta tura shi ciki, ta rufe. Sa'an nan ta je wurin giɓin, ta kawar da kwanon da ƙafa, ta durƙusa. Hanyar da take zaton kwano ne ya yi wa kansa ta zama kwari mai zurfin da hannu zai shige har gwiwa, da sawun farce a gefe da gefe. Ta sa hannu ta ɗaga bakin ragar. Ya ɗagu kamar labule, don babu ƙarfen da ya riƙe shi, ta saki ya koma wurinsa kamar ba a taɓa ba. A bakin wayoyin akwai gashi a maƙale.

"In zai fita sai ya ture kwanon gaba," in ji ta. "Ni kuma in fito in ce ladabi ne."

Maman 'yan biyu ta rufe baki da hannu, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Malama ma ta murmusa, ba da yawa ba.

Suka jawo tsohon duron nan da aka fitar, suka kwantar da shi a kan giɓin, suka tokare shi da bulo. Maman 'yan biyu ta ce za ta ƙone naman kafin maigidanta ya dawo, kuma za ta gaya masa abin da ta gani.

"Ki ce masa ina neman alfarmar gobe kawai. In ya sake ganinsa bayan gobe, ba zan ce komai ba."

"Zan faɗa masa har da yadda kika kwanta a kan kare da hijabi. Wannan kaɗai ya isa ya ajiye maganin."

Da ta tafi, Malama ta shiga ta tuɓe kayan, ta jiƙa su a bokiti daban, ta yi wanka, ta sauya wasu, ta yi alwala. Magariba ta same ta a kan darduma kamar kullum. Ta lura cewa duk abin bai ɗauke ta lokacin da take zato ba.

Washegari mai walda ya zo da Auta. Ta nuna musu wurin ba tare da dogon bayani ba. Mai walda ya dubi kwarin, ya ɗaga kai ya dubi ragar da ya lanƙwasa a can sama, ya cire tabaran daga goshinsa, karon farko da Malama ta ga goshin.

"Mu muna gadin sama, mutumin yana bin ta ƙasa. Ni na ce kansa ba zai shiga ba, Mama."

"Ni na ce a bar giɓin. Yanzu ka rufe shi. Ka sa ƙarfen, ka zuba siminti, tun daga wannan turken har wancan."

"In yi masa 'yar ƙofa ta ƙarfe mai sakata? Kwano ya shiga, a rufe."

Dabara ce mai kyau, kuma ta san za ta yi aiki. Ta dubi Sajan, wanda yake ƙoƙarin lasar bayansa, bakinsa bai kai ba.

"A'a. Ciwon nan na bayansa ya kai makonni, kullum ina tsaye a nan da sanda, ban gani ba. Rufe shi duka."

"To ta ina za a ba shi abinci, Umma?" in ji Auta. "Ni fa sai ƙarshen mako."

"Ta ƙofa, kamar kowa. Kai dai ka biya wajen likitan nan naka, ka karɓo maganin shafawa. Na ciwo, ba na barci ba."

Kafin azahar an gama. Simintin ya kwanta sumul, mai walda ya ɗora katako a kai don kada karen ya taka kafin ya bushe. Baban 'yan biyu ya leƙo ta saman shingen itatuwa, ya gaishe ta, ya daɗe yana duban aikin, ya ce Allah ya sa a dace. Ta ce amin. Bai yi maganar magani ba, ita ma ba ta yi ba.

Da yamma ta zuba abincin a kwano, ta je bangon baya. Rigar aikin tana nan a ƙusarta, ba wanda ya taɓa ta tun rasuwar. Ta sauke ta, ta kakkaɓe ƙura, ta duba aljihunan saboda kunama, ta zura ta a kan kayanta. Ta yi mata yawa, sai da ta naɗe hannuwan. Har yanzu tana ɗan warin baƙin mai. Ta zazzage takalman roban ta saka, suna ƙwal-ƙwal a ƙafarta.

Tun kafin ta taɓa sakata Sajan ya miƙe tsaye. Ya dubi rigar, ya zo da gudu har bakin ƙofa, ya tsaya cak, ya ɗaga kai ya dubi fuskar da ke samanta. Ya shinshina gefen rigar, ya shinshina takalman, ya yi wani ɗan ƙaramin kuka a maƙogwaro.

"Ba shi ba ne," in ji Malama. "Ni ce. Matsa in wuce."

Ya matsa. Ta ajiye kwanon a inuwar tanki, ta tsaya har ya cinye. Sa'an nan ta durƙusa, ta buɗe kwalbar maganin da Auta ya kawo, ta bi layin ciwon tana shafawa, yana noƙewa tana riƙe shi. A jikin ƙusar da ake rataye rigar akwai igiyar da maigidan yake fita da shi yawo. Ta dube ta, ta ƙiyasta ƙarfin karen da nata, ta yanke cewa za ta fara da zuwa ƙarshen layi da dawowa, da safe, kafin motoci su yi yawa.

Ta fito ta rufe ƙofa, ta ja sakata, ta girgiza ta ta tabbata. Ta tuɓe rigar ta mayar da ita ƙusa, ta jera takalman a ƙasanta, ta wanke hannu a famfo da sabulu. Sandar labulen tana jingine a bakin kicin. Ta ɗauka ta goge, ta shiga da ita, don tagar ɗakin baƙi ta daɗe babu labule.